Dokar Taba a Gana: Me Ta Ce, Kuma Mene Ne Aikinmu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba masu sha ba ne, hayaƙin wani suka shaƙa. Saboda haka a shekarar 2012 Majalisar Dokokin Gana ta kafa Dokar Lafiyar Jama'a mai lamba 851, aka ƙara mata ƙa'idoji a 2016. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, wato FDA, ita ke lura da bin ta.

Ga abin da dokar ta ce. Ba a shan taba a inda jama'a ke taruwa, kamar asibiti, makaranta, wurin aiki, gidan abinci da cikin trotro. An hana tallar taba a rediyo, talabijin da allunan bakin hanya. Laifi ne a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ko a sa shi ya sayar. Dole kowane kwalin sigari ya ɗauki hoton gargaɗi. Shisha ma taba ce, ruwan da ke cikin tukunyarta ba ya wanke gubar.

Amma ma'aikacin gwamnati ba zai shiga ɗakinku ba. A Nima da Maamobi da sauran zanguna na Akara, sau da yawa uba da uwa da yara ɗaki ɗaya suke kwana. Idan mutum ɗaya ya kunna sigari, kowa ya sha. Hayaƙin yana jawo wa yara tari da ciwon huhu, yana tayar da asma. Mace mai ciki da ke shaƙarsa tana iya haifar jariri marar nauyi. Shi kuwa mai sha, yana jawo wa kansa ciwon daji, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Idan yana da tarin fuka, warkewa za ta yi wuya.

To, me za mu yi? Kada a sha taba a ɗaki, ko da taga a buɗe take. Kada ku aiki yaro sayen sigari. Mai kanti, ka mai da yaron da aka aiko. Matasa a wurin shan shayi, ku daina miƙa wa juna kara.

Ɗan'uwa mai sha, ka sa ranar da za ka daina, ka gaya wa iyalinka. Ƙishirwar taba takan lafa bayan 'yan mintoci. Ka sha ruwa, ka tashi ka taka. Bayan shekara ɗaya da dainawa, haɗarin ciwon zuciya yakan ragu da kusan rabi. Idan abin ya fi ƙarfinka, ko tarinka ya kai mako biyu, ka je Asibitin Maamobi ko asibiti mafi kusa. Lafiya amana ce daga Allah, taka da ta 'ya'yanka.