Illar Ruwa ga Wayoyin Motar Lantarki: Abin Lura ga Mazauna GRA ta Katsina

Gabatarwa

Hausawa na cewa ruwa abokin aiki, amma duk wanda ya taɓa ganin yadda damina take yi wa tsohon soro ya san cewa abokin nan yakan zama abokin gaba idan ya shiga wurin da ba a gayyace shi ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ruwa yake kutsawa cikin wayoyin motar da ke tafiya da wutar lantarki, da irin ɓarnar da yake yi, da kuma hanyoyin da za a bi a kauce wa asara. An ɗauki unguwar GRA ta birnin Katsina a matsayin wurin misali, domin a irin wannan unguwa ce ake samun masu halin sayen sabuwar mota, da gidaje masu fili da gareji, da kuma faranten hasken rana waɗanda za a iya cajin mota da su.

Shigowar Motar Lantarki Ƙasar Nan

Motar lantarki ba ta daɗe da bayyana a Nijeriya ba. A shekarar 2020 ne kamfanin Stallion ya nuna motar Hyundai Kona mai amfani da lantarki wadda aka haɗa a Legas. A shekarar 2021 kuma Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, a ƙarƙashin shugabancin Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato wanda ya yi suna wajen zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri ma Mustapha Gajibo ya shahara wajen cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir. Da gwamnati ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu na 1923 da ɗari, watau 2023, sai tsadar mai ta sa hankalin jama'a ya ƙara karkata ga duk abin hawan da ba ya shan fetur, ko mota ce, ko babur, ko keke mai ƙafa uku.

To, amma sayen mota daban, saninta daban. Makanikan da ke garejojinmu sun ƙware a kan kafireta da filogi da salansa, alhali kuwa motar lantarki ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Rayuwarta duka tana cikin batir da wayoyi da ƙananan na'urori masu sarrafa su, kuma babu abin da waɗannan suka ƙi jini kamar danshi.

Yanayin Katsina

Damina a Katsina gajeruwa ce, takan kankama daga watan Yuni zuwa Satumba, ruwa kuma ya fi yawa a watan Agusta. Sai dai ruwan yakan sauko da ƙarfi cikin ɗan lokaci, har magudanai su kasa ɗaukarsa, musamman idan yashi da leda sun toshe lambatu da kwalbati. Ambaliyar da ta auka wa Jibiya a watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka da dama, ta isa shaida cewa ƙasar da ake ganin ta kusa da hamada ma ruwa yana iya yi mata ta'adi a dare ɗaya.

Kafin damina kuwa akwai hunturu da bazara, kuma su ne suke share wa ruwa hanya. Ƙurar hunturu tana shiga kowane lungu na mota ta kwanta. Zafin bazara, wanda yakan kai awo 40 a watan Afrilu, yana busar da robobin da aka toshe kafofi da su har su tsattsage. Itatuwan bedi da suka yi wa GRA inuwa suna zubar da ganye da 'ya'ya a kan motar da aka ajiye ƙarƙashinsu, ganyen ya taru ya toshe 'yar magudanar da ke gindin gilashin gaba. Ɓeraye kuma sukan shige ƙarƙashin bonet su gaigaye rigar waya. Saboda haka ran da ruwan farko ya sauka, sai ya tarar da ƙofofi a buɗe.

Wuta Iri Biyu a Mota Ɗaya

Kafin a fahimci ɓarnar ruwa, wajibi ne a san cewa wutar da ke cikin motar lantarki iri biyu ce. Ta farko ita ce babbar wuta, wadda take fitowa daga babban batir na litiyom da aka shimfiɗa a ƙarƙashin motar. Ƙarfinta a yawancin motoci yakan kai bolt 400 ko kusa da haka, a waɗansu sababbi kuma har 800. Ita ce take juya na'urar da ke murza tayoyi. An sa wa wayoyinta riga mai launin ruwan lemo don a gane su, domin taɓa su ba tare da sani ba yana iya kisa.

Ta biyu ita ce ƙaramar wuta, mai ƙarfin bolt 12, daga ƙaramin batir irin wanda aka saba gani a kowace mota. Ita ce take kunna fitilu da hon da gilasai da makullan ƙofa, kuma ita ce take ciyar da ƙananan kwamfutoci da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙaramar wutar nan ita ce take riƙe da mabuɗin babbar. Akwai waɗansu makunnai a bakin babban batir waɗanda ba sa haɗuwa sai ƙaramar wuta ta ja su. Idan ƙaramin batir ya mutu, ko wayoyinsa suka lalace, motar ba za ta motsa ba ko da babban batir yana cike fal.

Masu ƙera motoci sun fi tsananta tsaro a kan babbar wuta. Akwatin batir a rufe yake ruf, kuma da yawa daga cikinsu an gwada su bisa ma'aunin da ake kira IP67, wanda ma'anarsa ita ce ƙura ba ta shiga, ruwa ma ba ya shiga idan an nutsar da abin zurfin mita 1 na tsawon minti 30. Daɗin daɗawa, ba a haɗa babbar wuta da ƙarfen jikin mota ba, kuma akwai na'urar da aikinta kawai shi ne ta riƙa auna ko wuta ta fara zurarewa zuwa jikin. Da ta ji alamar haka sai ta kunna fitilar gargaɗi, ta yanke wutar, ko ta hana motar tashi. Ƙaramar wuta kuwa ba ta sami irin wannan gata ba. Wayoyinta sun bazu ko'ina, a cikin ƙofofi, da ƙarƙashin kujeru, da ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, da cikin but, kuma mahaɗan da ke cikin ɗakin motar galibi ba a yi su don jure ruwa ba. Wannan ne ya sa mafi yawan matsalar ruwa daga nan take farawa.

Yadda Ruwa Yake Ɓarna

Tsantsar ruwa wanda babu komai a cikinsa ba ya ɗaukar wutar lantarki sosai. Abin da ke sa ruwa ya ɗauki wuta shi ne gishiri da sauran ma'adinan da suka narke a cikinsa. Ruwan da ke gudu a kan titi bayan an ɗauke sama ya kwaso laka da sabulu da takin zamani da ƙazantar kwata, don haka ya fi ruwan famfo haɗari ga waya.

Ɓarna ta farko tana faruwa nan take. Idan ruwa ya shiga mahaɗin waya, sai ya zama gada tsakanin haƙora biyu da bai kamata su haɗu ba. Wuta ta bi ta gadar, fis ya ƙone, ko kuwa kwamfuta ta karɓi saƙon ƙarya. Kwamfutocin mota suna magana da juna ta kan waɗansu wayoyi biyu da aka tufka, bisa tsarin da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. Idan danshi ya taɓa waɗannan wayoyi a wuri guda, sai maganar ta rikice ga kowa. Nan ne mai mota zai ga fitilun gargaɗi sun kama barkatai, gilashi yana sauka da kansa, hon yana kuka tsakar dare.

Ɓarna ta biyu ita ce mai tafiyar hawainiya, kuma ta fi muni. Wayar mota ba sanda ɗaya ba ce, siraran zaruruwa ne na jan ƙarfe aka haɗa. Ruwa yana bin tsakanin zaruruwan yana hawa, kamar yadda kananzir yake hawa lagwanin fitila, har ya isa na'urar da ke nesa da inda ya shiga. Inda duk danshi da wuta suka haɗu a kan ƙarfe, ƙarfen yana cinyewa da sauri, jan ƙarfe ya koma kore, haƙoran mahaɗi su zaizaye. Wannan yakan ɗauki makonni ko watanni. Alal misali, mutum zai iya ratsa ruwa a watan Agusta ya iso gida lafiya, ya manta, sai a watan Oktoba motar ta fara tsayawa yau, gobe ta tashi. Mai gyaran wayarin ya canza wannan ya canza wancan, kuɗi suna tafiya, alhali cutar tana cikin wani ɗan mahaɗi ƙarƙashin kujerar direba.

Ɓarna ta uku, wadda ba kasafai take faruwa ba amma ta fi duka haɗari, ita ce shigar ruwa cikin akwatin babban batir. Ma'aunin da aka ambata a baya na sabon akwati ne. Idan dutse ko tudun rage gudu ya bugi ƙasan motar, ko robar bakin akwatin ta tsufa, ko motar ta kwana a nutse, to, ruwa yana iya shiga. Idan ya haɗa ƙwayoyin batir, sai su ɗauki zafi, zafin wannan ya kunna na kusa da shi, har wuta ta tashi. Irin wannan gobara tana da wuyar kashewa, tana iya tashi kwanaki bayan ruwa ya janye, tana kuma iya sake tashi bayan an kashe ta.

Darasi Daga Ƙasashen Waje

A watan Oktoban 2012, da guguwar Sandy ta turo ruwan teku cikin tashar jiragen ruwa ta Newark a Amurka, motoci 16 ƙirar Fisker Karma sun ƙone. Binciken kamfanin ya nuna cewa wutar ta faro ne daga wata na'ura mai aiki da ƙaramin batir a mota ɗaya, inda gishiri ya haɗa wayoyi, sa'an nan iska ta yaɗa ta zuwa sauran. Haka kuma bayan guguwar Ian ta 2022 an sami motocin lantarki da dama da suka kama wuta a jihar Fulorida. Gaskiya ne Katsina ta yi nisa da teku, kuma ruwan sama bai kai ruwan gishiri illa ba. Amma labarin ya shafe mu ta wata fuska, domin motocin da ambaliya ta ci a Amurka akan yi gwanjonsu da araha, waɗansu kuma a wanke su a turo su kasuwannin Afirka ta Yamma. Mai sayen tsohuwar mota ya kamata ya ɗaga shimfiɗa ya sansana, ya duba ƙarfen ƙarƙashin kujera ko ya yi tsatsa, ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ko zai ga tabon laka.

Rigakafi

Abu na farko shi ne kada direba ya ruɗu. Motar fetur takan mutu a ruwa domin injinta yana shaƙar iska, idan ya shaƙi ruwa sai ya ƙame. Motar lantarki ba ta da wannan matsala, saboda haka takan ratsa ruwan da ya tsayar da 'yar'uwarta, mai ita ya zaci ta gagari ruwa. Ruwa mai gudu da ya kai zurfin santimita 30 yana iya ɗauke ƙaramar mota ko da me take tafiya. Idan ruwa ya kusa kai bakin ƙofa, juyawa ita ce dabara.

Kafin damina ta faɗi, a share ganyen da ke gindin gilashi, a duba robobin ƙofa da na but, a buɗe bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya mota. A ajiye mota a kan tudu, ba a gangaren da ruwan gida yake taruwa ba. A gargaɗi yara masu wankin mota kada su harba ruwan injin feshi cikin bonet ko cikin ramin caji. Caji a lokacin ruwa ba laifi ba ne idan an yi da na'urar da aka ƙera don haka, domin ba ta sakin wuta sai ta tabbatar ta haɗu da motar. Haɗarin yana ga jona wayoyi a shimfiɗe a ƙasa, da soket ɗin da ba a haɗa shi da wayar da ake binnewa a ƙasa ba.

Idan kuwa ƙaddara ta sa ruwa ya riga ya shiga motar, kada a tayar da ita, kada a sa mata caji, kada kuma a shigar da ita gareji. A jawo ta a kan babbar mota zuwa fili, aƙalla mita 15 daga gini da sauran motoci, a kira wanda aka horar a kan irinta. Wayoyi masu launin ruwan lemo ba wurin gwaji ba ne.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa motar lantarki ba ta tsoron ruwan sama da ke zuba a kanta, tsoronta yana ga ruwan da ya sami kafa ya shiga ya zauna. Akwai aiki a gaban makarantun koyon sana'a na jihar nan wajen horar da masu gyara, akwai kuma aiki a gaban ɗaliban Hausa, domin bakanike da direba ba za su kiyaye abin da ba a bayyana musu da harshensu ba. Muddin littattafan gargaɗin da ke zuwa da waɗannan motoci suna nan cikin Turanci ko Sinanci, to, wanda ke riƙe da sifana a gareji zai ci gaba da aiki da zato, kuma a kan bolt 400 zato yana iya zama sanadin rai. Allah Ya kiyaye.