Iskar farkon damina da tsohon rufi: Abin da magidanta ke fama da shi a Sabon Birni da Isa

A ƙasar Gobir, hadarin farko ba ya zuwa da sallama. Daga ƙarshen watan Mayu zuwa Yuni, gabas kan yi ja da yamma, ƙura ta turnuƙe, sai iska ta biyo baya tun ɗigon ruwa bai taɓa ƙasa ba. Manomi na murna, amma mai tsohon rufi kwana yake yi yana sauraron kukan kwano. In gari ya waye, a garuruwa irin su Sabon Birni da Isa da Gatawa, ba abin mamaki ba ne ka ga mutum na bin lungu yana cigiyar fallen kwanon ɗakinsa.

Abin da aka saba faɗa shi ne iska ta yi ɓarna. Gaskiya ne. Amma a layi ɗaya sai ka ga gida uku sun yaye, na huɗu ko kusa ɗaya bai saki ba. Wanda ya hau tsani ya duba zai ga dalili: sau da yawa iskar ƙarasa aiki kawai ta yi, aikin da tsatsa da gara suka shekara suna yi a ɓoye.

Daga ina rufi ke fara saki?

Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Idan ta bi ta saman kwano da gudu tana tsotsarsa sama, in kuma ta samu ƙofa ko taga a buɗe sai ta cika ɗakin ta turo shi daga ciki. Inda ta fi samun kama shi ne baki da kusurwa, musamman ɓangaren gabas da hadari ke fitowa. Falle ɗaya ya ɗaga, sauran sun zama nata.

Tsohon kwano kuwa ya riga ya shirya mata hanya. Zafin bazara na buɗa shi da rana, sanyin dare ya tsuke shi, shekara da shekaru, har ramin kusa ya yi faɗi. Ruwa ya bi ramin ya jiƙa katako, katako ya ruɓe, gara ta ƙarasa. Kusar tana nan a ido, amma ba ta riƙe da komai.

A nan ne yawancin gyara ke ɓaci. Magidanci ya tsinto kwanonsa, a buga shi ya miƙe, a mayar a kan katakon nan dai, a ramin nan dai, a ɗora bulo biyu da tsohuwar taya. Kuɗin kafinta ya fita, rufi kuma na jiran iska ta biyu. Bulon ma kansa abin tsoro ne, domin ranar da kwanon ya tashi, ba a san kan wa zai sauka ba.

Gyara na gaskiya daga ƙasan kwano yake farawa. A soka wuƙa ko kusa a jikin kowane katako. Wanda ya lotsa a cire shi, ba lallashi. Sabon da za a sa a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai. Kusa mai hula ake so, a buga ta a tudun kwano ba a kwarinsa ba, tun da kwarin hanyar ruwa ce, a kuma yawaita ta a baki da kusurwa. Ƙananan huji ana toshe su da kwalta da ƙyalle, amma fallen da tsatsa ta cinye har yana marmashewa a hannu ya gama aiki, sai dai a yi shingen awaki da shi.

Sai babban abin da ake mantawa: ɗaure katakon da ke kwance a kan bango. Gidaje da yawa ɗora shi kawai aka yi, aka liƙe da laka ko siminti. Shi ya sa wani rufin ke tashi ɗungurungum da katakansa kamar hula. Kafintocin da suka san aiki suna zarge shi da langalanga ko waya mai kauri, su nutsa ta cikin bango. Ba dabarar ƙauye ba ce kawai. Bayan guguwar Andrew ta ragargaza kudancin jihar Florida ta Amurka a 1992, cikin abubuwan da aka tsaurara a dokar gini akwai ɗaure rufi da bango da ƙarfe. Tun ran gini tun ran zane, amma wanda aka yi wa gini ba a ɗaure ba, ranar gyara ce damarsa.

Soro: iska ba ta ɗauka, ruwa ke kayarwa

Ɗakin soro, wanda aka jera wa azara aka shimfiɗa zana aka zuba ƙasa, bai damu da iska ba. Abokin gabansa ruwan watan Agusta ne. Tsaga kaɗan a sama, ko indararo da ya toshe da ganye da leda, ya isa ruwa ya kwanta ya ratsa har kan azara. A da, yaɓen bazara wajibi ne a kowane gida, wasu har da makuba ta ɓawon ɗorawa don ruwa ya riƙa zamewa.

Sai dai yaɓen ma yana da tarko. Kowace shekara a ƙara ƙasa a kan ta bara ba a kankare ba, rufi ya yi ta nauyi a kan azarar da ta tsufa. In ta sha ruwa ta karye, cikin dare ake yawan samun asarar rai. Ƙasa na zubowa daga sama, ko azara ta yi ciki, ko jiƙa ta bayyana a inda kanta ya shiga bango: duk wanda ya ga ɗaya daga ciki ya fitar da iyali tukuna, a yi maganar magini daga baya. Azarar giginya mai kyau kuma ta yi wuya yanzu, domin an sare da yawa ba a dasa ba.

Hanya da tsada

A wani wuri, matsalar ta tsaya ga kuɗi. A gabashin Sakkwato har da hanya. Kwano da katako daga nesa suke zuwa, kuma direban da zai ɗauko su ta Goronyo zuwa Sabon Birni, ko ta ɓangaren Shinkafi zuwa Isa, yana lissafa haɗarin 'yan bindiga cikin kuɗin mota. A kan hanyar Sabon Birni aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda ya rasu a hannun masu garkuwa a watan Agustan 2024. Ga cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira, waɗanda suka ɗaga farashin kayan gini. Bandir ɗin kwano falle ashirin ne, amma mai ƙaramin ƙarfi falle biyu ko uku yake iya saye, galibi mai laushin nan da ake naɗewa da hannu.

Lokacin ma bai taimaka ba. Iskar na zuwa daidai sa'ad da ake neman kuɗin iri da taki, rumbu kuma ya yi ƙasa. Hukumomin agajin gaggawa, SEMA ta jiha da NEMA ta tarayya, kan raba kwano da kusa da siminti bayan babbar ɓarna, amma kafin a ƙidaya gidaje a kawo kaya, ruwa ya sauka sau nawa? Wanda ya iya ware wani abu tun kaka, ya hau rufinsa a watan Maris ko Afrilu, shi ke biyan kuɗin kusa maimakon kuɗin bandir.

Akwai kuma gidajen da babu mai hawa. Tun daga 2019 dubban mutanen yankin suka tsallaka jihar Maraɗi ta Nijar, wasu suka tare a cikin Sabon Birni da Isa da birnin Sakkwato. Ɗakin ƙasa da ya yi damina biyu ba yaɓe, ba mai share indararo, ba gyara yake jira ba. Masu komawa ƙauyukansu sukan tarar da bango a tsaye, azara a ƙasa, ciyawa ta fito a tsakar ɗaki, wani lokacin kwanon ma an riga an ɓalle shi an tafi da shi.