Rock ɗin da aka haifa a gidan biki

Mai sauraro a Turai ko Amurka, in ya saka faifan farko na ƙungiyar Etran de L'Aïr, mai suna No. 1, abin da ke faɗo masa a rai shi ne rock na shekarun 1960: jita biyu suna kokawa da juna, ganga tana sukuwa, lasifika tana gurɓata sauti don an ƙure ta. Sai ya ce samarin Agadas sun farfaɗo da zamanin Jimi Hendrix. Ni kuwa ina ganin begen nasa ne, ba nasu ba.

A saka waƙar a salula a kasuwar Gidigir, kan hanyar Damagaram zuwa Gure, babu wanda zai tuna Hendrix. Kiɗan biki za a ji.

Haka kuma yake. 'Yan gida ɗaya ne suka kafa ƙungiyar a 1995, Aghaly Migi na gaba, da jita guda wadda ba ta lantarki ba. Ganga babu. Ƙwarya suke kifawa a kan ruwa su doke ta da silifa, dabarar da matanmu suka sani tun kaka da kakanni. Da haka suka riƙa bin aure da suna a unguwannin talakawa, inda ba a da kuɗin ɗauko manyan makaɗa, har suka tara kuɗin kayan lantarki.

Jitar Abzinawa ta yi suna ne da ƙungiyar Tinariwen, da waƙoƙin gudun hijira da tawaye da aka riƙa yaɗawa a kaset. Etran ba su bi wannan layi ba. Mai kiɗan biki ba ya zaɓen masu rawa, don haka suka ɗebo daga Zabarmawa, daga Hausawa, har da salon jitar Kwango.

Kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke Portland a Amurka, ya fitar da faifan No. 1 a 2018. Ba a situdiyo aka ɗauke shi ba, a fili ne a unguwarsu ta Abalane, shi ya sa ake jin guɗa da tafi da hayaniyar jama'a a ciki. Wannan ƙura ce masu sharhi suka ɗauka tsohon yayi. Da suka sake fitowa da wani faifai mai suna Agadez a 2022, sauti ya fi tsabta, amma har gobe kunnena na wajen na farkon.