Ƙwayoyin da ba a taɓa gani ba, amma sararin samaniya ya gindaya musu sharaɗi

A ƙarƙashin ƙasa, kan iyakar Faransa da Suwizalan, masana kimiyya na cibiyar CERN na gwara ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta a cikin wata na'ura mai zagayen kilomita 27. Yawancin sababbin ƙwayoyi masu nauyi da ake samu suna tarwatsewa kafin ƙiftawar ido.

Sai dai lissafin wasu masana na nuna yiwuwar samun ƙwayoyi masu nauyi da ke daɗewa kafin su tarwatse. Ɗaya daga ciki ita ce girabitino, wadda har yanzu a takarda kawai take.

Me ya haɗa su da sararin samaniya?

An ƙiyasta shekarun sararin samaniya da biliyan 13.8. A mintunansa na farko, cikin tsananin zafi, sinadaran farko suka samu: kusan kashi 75 cikin 100 haidurojin, kashi 25 kuma hiliyam. Awon da ake yi a yau ya yi daidai da wannan lissafi.

Da a ce ƙwayoyi masu nauyi da yawa sun tarwatse a cikin waɗannan mintuna, da ƙarfin da suka saki ya farfasa hiliyam ɗin, ya sauya adadin. Steven Weinberg, wanda ya ci kyautar Nobel, ya ja hankali kan wannan matsala ta girabitino a 1982.

Saboda haka zaɓi uku ya rage wa irin wannan ƙwaya: ta tarwatse kafin cikar daƙiƙa ɗaya, ko ta yi ƙaranci matuƙa, ko ta dawwama har yau. Idan ta dawwama, tana iya zama abin nan marar ganuwa da ke riƙe tarin taurari. Amma shi ma tauraron ɗan'adam na Planck ya auna yawansa, kusan kashi 27 cikin 100 na abin da sararin samaniya ya ƙunsa, kuma ba ta da damar zarce haka.

Ina aka kwana?

Waɗannan sharuɗɗa ne ke nuna wa masana inda za su kashe kuɗi da lokaci. A 2022 na'urar FASER ta fara aiki a CERN, mita 480 daga wurin da ake gwara ƙwayoyin, tana dakon duk wadda za ta ratsa dutse ta yi tafiya mai nisa kafin ta tarwatse. Har yanzu babu wadda ta faɗa tarkon.