Madatsar Goronyo: Tsakanin Gaggawa Da Tsantseni A Aikin Manhaja

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Satumba na 2010 ruwan Gulbin Rima ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya mamaye gonaki da gidaje a Goronyo da Wurno da Rabah, har ya yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuwa ruwan ya ja baya, har Sakkwato ta shiga fargabar ƙishirwa. Tambayar dai guda ce: yaushe za a buɗe ƙofa, kuma ruwa nawa za a saki? Ko ba daɗe ko ba jima, kwamfuta za a ɗora wa wannan lissafi. To, ta yaya za a rubuta manhajar?

Masana sun kasu gida biyu. Kashin farko na ganin sai an zayyana kowace ƙa'ida da harshen lissafi, an tabbatar babu tufka da warwara, kafin a fara gini. Haka Holan ta yi da shingen Maeslant da aka kammala a 1997: an tsara manhajarsa da harshen Z, kuma ita ke yanke hukuncin rufewa idan an yi hasashen ruwa zai haura mita 3 a Rotterdam. Aibin wannan hanya shi ne tsada da jinkiri.

Kashi na biyu su ne mabiya tsarin Agile, wanda mutum 17 suka shelanta a Amurka a 2001: a gina kaɗan, a gwada, a saurari mai amfani, a gyara. Sai dai ba a gwajin ambaliya a kan rayukan jama'a.

A ganina, kowanne da muhallinsa. Abin da kuskurensa ke kisa, kamar iyakar cikar ruwa da wajabcin gargaɗi kafin saki, a rubuta shi da lissafi, a sake tantance shi duk lokacin da aka taɓa manhajar. Abin da ke sauyawa kuwa, kamar saƙon waya ga manomin shinkafa a fadamar Wurno ko jadawalin ban-ruwa, a riƙa gyara shi mako-mako tare da manoman. Kamfanin Amazon, duk da saurinsa, tun 2011 yake tantance muhimman tsare-tsarensa da harshen TLA+.

Saboda haka, duk ranar da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima za ta bayar da irin wannan kwangila, ta fara tambayar ɗan kwangila: waɗanne ƙa'idoji ne ba za su taɓa karyewa ba, kuma ina hujjarka? Jami'o'inmu kuma su koyar da hanyoyin biyu tare. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.