Hangen Dala: Mafarkin Baƙi da Zahirin Aiki a Masana'antar Fina-finan Zane ta Japan

Fina-finan zane na ƙasar Japan, waɗanda duniya ta sani da sunan anime, sun daɗe da ƙetare iyakar ƙasar da ta haife su. A shekarar 2003 fim ɗin Spirited Away na Hayao Miyazaki ya ci kyautar Oscar, kuma rahoton ƙungiyar kamfanonin anime ta Japan ya nuna cewa a 2023 darajar kasuwar ta haura yen tiriliyan 3, fiye da rabinta daga ƙasashen waje. Ba abin mamaki ba ne idan matashin da ya tashi yana kallon Naruto ko One Piece, ya kuma iya zane, ya ƙudurta cewa wata rana zai zauna a Tokiyo yana zana irinsu. Wannan maƙala ta dubi abin da ke jiran irin wannan matashi idan ya isa, da dalilan da suka sa al'amarin ya kasance haka.

Matakin farko da farashinsa

Aikin zanen ya kasu gida biyu. Akwai genga, wato manyan zane-zanen da ke tsayar da farko da ƙarshen kowane motsi, waɗanda ƙwararru ke yi. Akwai kuma douga, wato tsabtace layukan genga da cike zane-zanen da ke tsakaninsu domin motsin ya tafi sumul. Bisa al'ada, sabon shiga daga douga yake farawa, kuma a nan ne mafarki yake fara karo da lissafi. A yawancin ƙananan kamfanoni ba albashi ake biyan mai douga ba; ana biyansa ne bisa yawan takardun da ya gama, kamar yadda ake biyan mai ɗinkin hula a kan kowace hular da ya kammala. Farashin da ya daɗe yana yawo a shirye-shiryen talabijin shi ne kimanin yen 200 a kan takarda ɗaya. Takarda guda kuwa tana iya cin awa ɗaya ko fiye a hannun sabon shiga, musamman da yake zanen zamani ya cika ƙawa: gashi mai rassa, tufafi masu ado, inuwa hawa-hawa. Wanda ya gama takarda 300 a wata zai tashi da yen 60,000, kuɗin da hayar ɗaki ɗaya a Tokiyo za ta iya lamushewa. Mafi ƙarancin ladan aiki a birnin ya wuce yen 1,000 a kowace awa tun 2019, amma dokar ba ta shafi wanda aka ɗauka a matsayin ɗan kwangila mai zaman kansa ba, kuma a haka ake ɗaukar da yawa daga cikinsu.

Ƙungiyar masu zanen anime mai suna JAniCA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da sakamakon bincike a 2015 da ya nuna cewa matsakaicin abin da mai douga ke samu a shekara bai wuce kimanin yen miliyan 1.1 ba. Ɗan ƙasa yana iya jure wannan idan yana kwana a gidan iyayensa ko suna aiko masa da ɗan tallafi. Baƙo ba shi da wannan madogara.

Ina kuɗin suke tafiya?

Tambayar da ta dace a yi ke nan, tunda kasuwar tana bunƙasa. Ana yawan mayar da tushen matsalar ga Osamu Tezuka, wanda a 1963 kamfaninsa Mushi Production ya fara shirin Tetsuwan Atomu na mako-mako a kan farashi mai rahusa ƙwarai, da niyyar cike giɓin daga cinikin kayan wasa da sayar da shirin a waje. Domin ya cika alƙawarin kowane mako, sai ya rage yawan zane, ya dogara ga tsayayyen hoto da motsin baki kawai. Salon ya zama alamar anime, farashin kuma ya zama ma'auni. A ganina an ɗora wa Tezuka laifi fiye da kima, domin mutum ɗaya ba zai ɗaure masana'anta shekara sittin ba idan babu waɗanda ke cin moriyar ɗaurin.

Masu cin moriyar suna cikin tsarin da ake kira kwamitin shiryawa, wanda ya yi ƙarfi daga tsakiyar shekarun 1990. Kamfanin buga littattafai, da gidan talabijin, da kamfanin kiɗa, da mai ƙera kayan wasa, da kamfanin talla sukan haɗa jari, su raba haɗarin asara, su kuma mallaki haƙƙin shirin. Kamfanin da ke yin ainihin zanen sau da yawa ɗan kwangila ne kawai: a ba shi ƙayyadadden kuɗi, ya miƙa aiki. Idan shirin ya karɓu, ribar ta koma ga 'yan kwamiti. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi kuma kamfanin zanen yakan rarraba aikin ga ƙananan kamfanoni, su ma su sake rarrabawa, har wani kaso mai yawa na douga ya ƙare a Koriya ta Kudu, da Sin, da Filifin, da Biyetnam. Saboda haka baƙon da ya ƙetare teku domin ya yi douga a unguwar Suginami ko Nerima, inda kamfanonin suka fi taruwa, gasa yake yi da farashin da aka tsayar a ƙasashen da rayuwa ta fi sauƙi.

Shingayen da suka keɓanta ga baƙo

Na farko shi ne harshe. Zane ba ya buƙatar fassara, amma aikin zane yana buƙata. Jadawalin hotunan da darakta ke tsarawa, da takardar lissafin lokaci da ke nuna tsawon kowane motsi, da gyare-gyaren da mai duba zane ke rubutawa a gefen takarda, duk da Japananci suke, cikin rubutun hannu na gaggawa da kalmomin sana'a da ba a koyarwa a aji. Ga kuma ladubban magana da na gaba, waɗanda kuskure a cikinsu kan sa a daina kiran mutum ba tare da an gaya masa dalili ba.

Na biyu shi ne biza, kuma a nan ne gizo yake saƙar. Izinin aiki yakan buƙaci digiri, ko shaidar kammala makarantar koyon sana'a ta Japan, ko shekarun gogewa, tare da kwangila da kamfani da kuɗin shiga tabbatacce wanda bai gaza na ɗan ƙasa ba. Aikin da ake biya takarda-takarda da wuya ya cika wannan sharaɗi. Wanda ya shiga da bizar karatu kuwa, awa 28 kawai aka yarda ya yi aiki a mako, ga kuɗin makaranta a kansa. Wato ƙofar da aka saba shiga sana'ar ita ce ƙofar da dokar shige da fice ta fi ƙuntatawa.

Duk da haka akwai waɗanda suka shiga. Ba'amurke Henry Thurlow ya yi aiki a Studio Pierrot, kuma ya yi magana a bainar jama'a kan ƙarancin biya da doguwar awa da suka kai shi asibiti. Arthell Isom, shi ma Ba'amurke, ya koyi zanen shimfiɗar fage a ƙarƙashin Hiromasa Ogura, sannan a 2016 shi da ɗan'uwansa Darnell suka kafa kamfanin D'ART Shtajio a Tokiyo. Bafaranshe Thomas Romain ya yi shekaru a kamfanin Satelight. Abin lura shi ne kowannensu ya zo da horo daga gida, ya koyi harshen, ya kuma shafe shekaru kafin a san sunansa. Waɗanda suka koma gida bayan shekara ɗaya ko biyu ba a yin hira da su, shi ya sa mai mafarki labarin waɗanda suka tsira kaɗai yake ji.

Ba duka kamfanoni ne suka zama ɗaya ba. Kyoto Animation ya shahara da ɗaukar ma'aikata a kan albashi da horar da su a makarantarsa, kuma ƙarancin ƙwararrun hannaye ya sa wasu kamfanonin sun fara bin wannan hanya. A watan Nuwamba na 2024 wata doka ta fara aiki a Japan wadda ta wajabta bayyana sharuɗɗan kwangila a rubuce da biyan 'yan kwangila cikin kwana 60. Sai dai guraben albashi kaɗan ne, kuma masu nemansu daga cikin gida sun yi yawa.

Akwai wata hanya da intanet ta buɗe, wadda ta juya tambayar gaba ɗaya. Bahi JD, ɗan ƙasar Austriya, ya fara ne da wallafa gajerun zane-zanensa a intanet, aka gan su a Japan, ya yi genga a shirye-shirye irin su Space Dandy. Bafaranshe Vincent Chansard ya yi suna da fagagen faɗa a One Piece. A yau masu kula da shiryawa sukan nemi masu zane ta kafofin sada zumunta idan lokaci ya ƙure musu, su aika aiki zuwa kowace nahiya. Mai wannan aiki ba ya biyan hayar Tokiyo, ba ya neman biza, kuma ya tsallake matakin douga. Amma ya tsallake har da horon da ke cikinsa, kuma masu duba zane a Japan sukan koka cewa aikin da ke zuwa daga hannun da bai san ƙa'idar takardar lissafin lokaci ba, su ne ke kwana suna gyara shi. Farashin ma yanki-yanki ne, kuma da yen ake biya, kuɗin da darajarsa ta faɗi sosai a gaban dala tun daga 2022.