GUBAR DA KE ƁOYE CIKIN ABINCIN GADO

Kowa ya san ruɓaɓɓen nama, gama hanci ya kan faɗa masa. Kowa ya san gurɓataccen ruwa, gama ido ya kan nuna masa. Yau kuwa za mu yi magana a kan wata irin guba dabam, wadda ba ta da wari, ba ta da ɗaci, ba ta sāke kamar abinci ko kaɗan. Ta kan shiga cikin abincin nan da mutane suka gada tun kaka da kakanni, wanda suka fi amincewa da shi. Domin ku gane yadda abin ya ke, zan ba ku labarin waɗansu masunta na ƙasar Kanada, sa'an nan mu komo gida mu duba namu.

MUTANEN KOGI

A lardin Ontariyo, cikin ƙasar Kanada, akwai waɗansu garuruwa biyu a bakin ruwa, Grassy Narrows da Whitedog. Mazaunansu Anishinabe ne, watau suna cikin mutanen asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar sa'ad da suka je can. A da, kifi shi ne tuwonsu. Waɗansu suna su suna sayarwa, waɗansu kuwa suna yi wa baƙi masu zuwa kamun kifi jagora cikin jirgin ruwa, kullum da rana su soya kifi a bakin gaɓa su ci tare da baƙin. Wanda su ka fi so shi ne wani kifi mai cin 'yan'uwansa, Turawa na kiransa wolai.

Can sama da su, a garin Dryden, akwai masana'antar takarda a bakin Kogin Wabigun. A da, masana'antar tana aiki da zaiba wajen haɗa maganin da a ke farranta takarda da shi. Zaiba dai ita ce farin ruwan ƙarfen nan mai nauyi, mai ƙyalli, wanda a kan gani cikin tsohon abin awon zafin jiki na asibiti. Daga shekarar 1962 zuwa 1970 aka zuba zaiba wajen kilo 9,000 cikin kogin, ruwa ya janye ta ya kai ta wajen mil 150. A 1970 Gwamnatin lardin ta hana zubawa, ta kuma hana sun sayarwa a kogin. Amma kafin nan mutane sun shekara takwas suna cin kifin, ba su san kome ba.

YADDA ZAIBA KE SHIGA KIFI

To, ku saurara da kyau, gama nan ne gindin maganar. Zaiba tana da nauyi, sai ta kwanta cikin taɓon da ke ƙarƙashin ruwa. A cikin taɓon nan akwai ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Su ne su kan juya zaiba ta koma wata iri wadda ke kama jikin mai rai, in ta shiga ba ta fita da sauri.

Ƙananan ƙwarin ruwa su kan ci kaɗan. Ƙaramin kifi ya ci ƙwari dubbai, zaibar da ke jikinsu duka ta taru a nasa. Babban kifi ya ci ƙananan kifaye ɗaruruwa, tasu kuma ta taru a nasa. Haka abin ke ta ƙaruwa hawa hawa. Sabo da haka mai yiwuwa ne a auna ruwan kogi a sami zaiba kaɗan ƙwarai, amma a auna naman babban kifi a sami ta ninka ta ruwan sau dubbai. Kifin da ya fi girma, ya fi tsufa, ya ke kuma cin 'yan'uwansa, shi ya fi tara ta. Mutum kuwa shi ne na ƙarshe, shi ke cin babban kifin.

Ku lura da abu guda. Zaibar nan tana cikin tsokar kifin kanta. Wanki ba ya fid da ita, dahuwa ba ta kashe ta, banda ko shanya ko gishiri duk ba su rage ta. Wuta ta kan kashe ƙwayoyin cuta domin suna da rai, ita kuwa zaiba ƙarfe ce. In mutum ya ci, sai wajen wata biyu kafin rabinta ya fita daga jikinsa. Wanda ke cin kifin kullum, kafin ta jiya ta fita ya ƙara ta yau.

ABIN DA TA KE YI WA JIKI

Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ta ke kamawa. Da fari mutum ya kan ji yatsun hannu da na ƙafa sun mutu, da kewayen baki. Sa'an nan hannu ya riƙa makyarkyata, har ya kasa ɗaura maɓallin riga. Ya kan yi tangaɗi wajen tafiya, harshe ya yi nauyi, ji ya ragu. Gani kuma ya kan tsuke, mutum ya ga abin da ke gabansa sosai amma bai ga na gefe ba, kamar mai leƙe ta cikin kara. Abin da ta riga ta ɓata na ƙwaƙwalwa ba ya komowa.

Wanda ya fi kowa shan wahala shi ne ɗan da ke ciki. Zaiba ta kan bi jinin uwa ta ratsa mahaifa ta kai gare shi, a lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke tsira. Ya yiwu uwa ba ta ji kome ba, amma ɗan ya zo da rauni, ya yi jinkirin tafiya da magana, ko karatu ya yi masa wuya.

An fara sanin cutar nan sosai a garin Minamata na ƙasar Japan a shekarar 1956, inda wata masana'anta ta zuba zaiba cikin teku. Kyanwoyin masunta ne suka fara nunawa, suna ta juyi kamar masu hauka suna faɗawa ruwa. Gwamnatin Japan ba ta yarda da sanadin ba sai a 1968, daga baya kuma ta tabbatad da cutar a jikin mutum fiye da 2,000. Tun daga nan a ke kiranta cutar Minamata. Wani likita na Japan, Masazumi Harada, wanda ya daɗe yana duba mutanen Minamata, ya je Grassy Narrows da Whitedog a 1975, ya ga alamun da ya sani. Ya sāke komawa sau da dama. A zuwansa na 2010 ya duba mutum 160, ya sami fiye da rabinsu zaiba ta taɓa su, har da waɗanda aka haifa bayan an daina zubawa. Wannan ya nuna mana daɗewar abin. An rufe bututu a 1970, amma taɓon kogi ya riƙe abin da aka ba shi.

HANA ABINCIN MA CUTA NE

Wataƙila wani zai ce, ai magani mai sauƙi ne, su daina cin kifi mana. Faɗa da baki ba wuya. Ku kwatanta a zo a gaya wa Bakabe ya bar kifi, ko Bafillace ya bar nono, ba a ba shi kome a madadinsa ba. Da aka hana su a 1970, mafi yawan mazajen garuruwan nan biyu suka rasa sana'a. Masu jagora suka rasa baƙi. Abincin kanti a can yana da tsada, talaka kuwa sai mai araha, watau gari da sukari da abin gwangwani. A wurare da yawa na mutanen asalin Kanada, barin abincin gado ya zo da ƙiba da ciwon sukari. Banda wannan, wajen su ne uba ke koya wa ɗansa sunayen wurare da harshe da ladabi. Sa'ad da su ya mutu, zaman gari ya lalace, shaye-shaye da baƙin ciki suka yi yawa. Waɗansu kuwa suka ci gaba da cin kifin, domin ba su da wani abin.

Sai a 1985 aka yi yarjejeniyar diyya, wajen dala miliyan 17 na Kanada. A 2017 Gwamnatin Ontariyo ta ware dala miliyan 85 domin gyaran kogin, watau shekara 47 bayan hana zubawa. A 2020 Gwamnatin Kanada ta amince da gina gidan jinya a Grassy Narrows domin waɗanda zaiba ta nakasa. Dubi wannan tsawon lokaci da yawan kuɗi, duk a kan ɓarnar shekara takwas.

Ma'aikatan lafiya sun koyi darasi daga irin wannan. Can arewacin Kanada, wurin mutanen Inuwit masu zama ƙasar ƙanƙara, an sami zaiba da yawa cikin tsokar wani ƙaton naman teku da su ke farauta. A 2011 hukumar lafiyar yankin Nunabik ta shawarci mata masu ciki da waɗanda ke shekarun haihuwa su rage cin tsokar nan. Ba ta hana abincin gado duka ba, ta nuna musu wani kifi nasu na gado mai zaiba kaɗan. Wannan ita ce hanya mai kyau: a auna, a san wane ne mai guba, a san wa ya fi kamata a tsare, sauran a bar wa mutane abincinsu.

NAMU NA GIDA

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma akwai zaiba a ƙasarmu, a hannun masu haƙar zinariya. Su kan cuɗa ta da niƙaƙƙen dutse ta kama zinariyar, sa'an nan su ƙona curin, zaiba ta tashi ta bi iska, zinariya ta rage. Hayaƙin nan guba ne ga mai shaƙa, abin da ya saura cikin ruwan wanki kuwa ya kan gangara rafi ko tafki. Ƙananan masu haƙar zinariya na duniya su ke sakin fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaibar da ɗan Adam ke saki cikin iska. Domin rage wannan ne ƙasashe suka sa hannu a Yarjejeniyar Minamata a 2013, Nijeriya da Nijar duk suna ciki.

Mun kuma riga mun ɗanɗana ɗacin wani ƙarfe, watau dalma. A shekarar 2010 aka gane yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Dutsen zinariyar wurin yana da dalma mai yawa. An kawo shi cikin gida, an daka a turmi, an niƙa a injin niƙa hatsi, an shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta shiga hannun yara da bakinsu, ta shiga gari da tuwo. Yara wajen 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka kuma ba yara maganin fid da dalma daga jini. A 2015 abin ya sāke faruwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Gero da dawa ba su yi laifi ba, yadda kifin Wabigun bai yi ba. Mutum ne ya kai musu gubar.

ABIN DA ZA MU YI

1. Kada a daka dutsen zinariya a turmin gida, kada a niƙa shi a injin hatsi. Turmi ko injin da ya taɓa dutsen, ya bar aikin abinci har abada.

2. Kada a kawo dutsen cikin gari. Mai aikin ya yi wanka ya sāke tufafi can wurin aiki kafin ya komo ya ɗauki ɗansa.

3. Kada a zuba hatsi a buhun da aka ɗauko dutse, kada a shanya abinci a ƙasar da aka shanya shi.

4. Kada a ƙona zaiba cikin ɗaki, ko a murhun girki, ko da cokali ko kaskon abinci. Mace mai ciki da yara su yi nesa da hayaƙin.

5. Kada a wanke zinariya a rafi ko tafkin da a ke su, ko ɗiban ruwan sha, ko shayad da dabbobi.

6. Inda a ke wanke zinariya da zaiba a sama da ku, mai ciki da mai goyo da ƙananan yara su zaɓi ƙananan kifaye da irin su karfasa, su rage manyan masu cin kifi irin su giwan ruwa da tsage. Kada a bar kifi duka, gama abinci ne mai gina jiki. Uwa kuma ta ci gaba da ba ɗanta nono.

7. In yaro ya kama amai da ciwon ciki da farfaɗiya a garin da a ke aikin zinariya, ko babba ya ji yatsunsa sun mutu yana tangaɗi, a kai shi asibiti nan da nan. A gaya wa likita sana'ar gidan da abin da a ke ci, domin ya auna jini. Zaiba har a gashin kai a kan auna ta.

8. In kun ga kifaye ko tsuntsaye ko agwagi suna mutuwa ba dalili, ku gaya wa dagaci da malamin tsabta. A Minamata dabbobi ne suka fara nunawa kafin mutane.

Dagatai da masu unguwa da sarakunan ruwa, wannan aiki naku ne tare da mu. Ku keɓe wa masu zinariya wuri nesa da gidaje da ruwan gari, ku sa ido a kan masu injin niƙa. Rigakafi ya fi magani, balle ga cutar da ta ke ɓata ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Sai wani mako, mu kwana lafiya.